Kwallin Abijan da Idon Lami

Yanzu idan jikata ta sayo hoda ko jan baki, sai ta juya gindin kwalin ta nuna mini wani ɗan zane mai kama da tukunya a buɗe, da lamba a jikinsa. Wai watannin da abin zai yi ke nan bayan an buɗe shi, daga nan sai shara. Tana faɗa tana dariya, tana zaton labari take ba ni. A zamaninmu babu wannan zane. Kayan kwalliya ba su da ranar mutuwa. Ana shafa su har a ga gindin gwangwani, abin da ya rage uwa ta ba 'yarta, 'ya ta ara wa ƙawarta. Mace ta zubar da abin da aka sayo daga ƙetare, sai a fara tambaya ko lafiyarta ƙalau. Na zauna rubuta wannan ne saboda duk wadda ke da tsohon akwati irin nawa a ƙarƙashin gado, ta ji abin da ya fito daga nawa.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Yamai, unguwar Kalley. Bayan rasuwar mijina Alhaji na riƙe fataucin atamfa, shi ya kai ni Kumasi da Lome da Abijan da Dakar da Jidda, sau ɗaya har Marsai. Ina jin Zabarmanci kamar a nan aka yanke mini cibiya, ina ciniki da yaren Asante da Larabci, Faransanci kuwa a jikin takardun duwan, wato kwastan, na fara koyonsa kafin ya zauna mini a baki. Don haka a layinmu duk abin da aka rasa gane kansa ni ake kawowa: takardar magani, wasiƙar gwamnati, yadin da ake shakkar asalinsa. "A kai wa Hajiya, ta ga duniya." Na ji wannan magana har na yarda da ita, kuma rabin ciwon da zan ba da labarinsa daga nan ya taso.

Shekarar fari na biyu ce, wadda kogi ya janye har mutane suna taka cikinsa da ƙafa kusa da gada. Sojoji ke riƙe da ƙasa tun fari na farko. Gari ya cika da mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare, Najeriya ta rufe iyakarta, atamfa tana jibge ba mai taya ta. Sai na yanke shawarar sakin gidan hayar Kalley in koma ɗaki biyun da na samu na gina a Koira Kano, wadda a lokacin ba komai cikinta sai fili da tarin tubali.

Tare da ni akwai 'yata ta fari. Sunanta na yanka ba ya fita bakina, zan ce Lami kamar yadda unguwa ke kiranta. Mu mutanen da, 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, ba a zuba mata ido. Kakarta ce ta raine ta a Damagaram har ta gama lakwal, wato makarantar boko. Ta zo Yamai ta samu aikin daktilo, tana buga takardu da keken rubutu a wata ma'aikatar gwamnati. Mijinta malamin lakwal ne, an jefa shi can Ngigimi, shi ya sa take zaune wurina. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, amma in zan yi mata magana bango nake kallo.

Ranar da na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ƙanwar Alhaji, Gwaggo Zinaru, ta zo taya ni ɗaurin kaya. Na buɗe, ga tarin shekara ashirin: jan baki iri-iri, hoda, man fuska, gazal, kwalaben turare da suka bushe. Na jawo tsohon kwando na fara zubawa.

"Ina za ki da su?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Masai."

Ta dafe ƙirji. "Masai! A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman hatsi, ke kina zuba kayan Abijan a masai? Matarmu, ki ji tsoron Allah. Ko tafiye-tafiyen nan sun mai da ke Nasara ne?"

Na ji kunya. Na ce to, a tsince mai kyau. Kuma na tsince su ne yadda na iya tsince komai, da hanci, kamar yadda ake gwada man shanu ko daddawa a kasuwa. Jan bakin da ya yi warin tsohon man gyaɗa, kwando. Man fuskar da ruwa ya taso samansa, kwando. Hodar da ta dunƙule, kwando. Can ƙasa na ci karo da wani ɗan baƙin akwati mai faɗin tafin hannu, da madubi a murfinsa. Kwallin gashin ido ne na Turawa, wanda na saya a kantin wani Kwara, Balaraben Lebanon, a Abijan tun Lami tana ƙaramin aji. Ciki akwai baƙin dunƙule kamar guntun sabulu, da ɗan buroshi. Ana tofa masa yawu ne, a goga buroshin, a taje gashin ido. Babu bikin da aka yi a layinmu a shekarun nan da bai halarta ba, daga hannun wannan zuwa na waccan, kowa da tofinta.

Na kai shi hanci. Babu wari ko kaɗan. Na ce wa Gwaggo, "Wannan dutse ne kamar kwallinmu. Dutse ba ya lalacewa."

"Ke kika sani," ta ce, "ke kika ga duniya."

Ban miƙa wa Lami hannu da hannu ba, don ba haka muke ba. Na ajiye mata a kan matashinta na fita. Washegari da za ta tafi aiki ta ce, "Inna, na tafi," na saci kallonta ta gefen ido na ga gashin idonta ya yi baƙi, ya miƙe. Na ji daɗi a raina. Iyakar godiyar da muka yi wa juna ke nan.

A kwana na uku tana sauri, don ƙarfe bakwai da rabi soja ke rufe ƙofar ma'aikata ya karɓe takardar sunaye, sai na ji ta daga ɗaki ta ce, "Wash! Buroshin nan ya soke ni." Gashinsa ya tsufa ya yi tauri kamar tsintsiya. Ta goge da bakin zane ta fita. Da ta dawo da la'asar idon hagun ya yi ja, yana zubar da ruwa.

Ina tsakar gida ina ɗaure kwanoni da igiya. Ta tsaya can bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Inna, idon nan yana damuna."

Daga inda nake na ce, "Afolo ne. Ina Kumasi shekarar da ya shigo, duk kasuwa ido ja. Kwana bakwai yake yi ya wuce."

"Inna, afolo ido biyu yake kamawa. Wannan ɗaya ne."

"Ɗayan na nan tafe," na ce, na ci gaba da ɗaurina. Taku goma ne tsakaninmu. Ban taso ba.

Makon farko kowa ya kawo nasa. Gwaggo ta zo da tandun kwallin Makka, ta ce ba a taɓa jin ciwon idon da ya gagare shi ba, ta ja mata da tsinken da duk gidanta ke amfani da shi. Maƙwabciyarmu Maryama, Bazabarma, mace mai kirki wadda har gobe ina yi mata addu'a, ta samo nonon mai jego a cokali aka ɗiga. Lami kuwa kullum da safe sai ta sa baƙin tabarau ta tafi aiki. Ta roƙi shef ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki, izinin zuwa gidan likita, ya ce sai da takardar lokotoro, wato likita. Takardar lokotoro kuma sai an bi layi a lokacin aiki. Ba da daɗewa ba aka kori mutum biyu a bironsu, wato ofishinsu, saboda babban soja ya shigo ba zato ya tarar da kujerunsu babu kowa, shef ɗin kansa a tsorace yake. Haka ta yi ta buga takardu da ido ɗaya, hawaye na ɗiga kan keken.

Ran Asabar muka samu muka je ƙaramin gidan likita na unguwa. Wanda muka tarar ya tambaye ta daga bayan teburinsa, ya ce afolo ne, ya miƙo pomad, wato man shafawa a ido, mai ruwan ƙwai. Shi ma bai tashi daga kujerarsa ba. A hanya har na ce mata, "Kin ji ko? Me na faɗa?"

Mako na biyu abin ya sauya. Ciwon ya hau kai, rabin kanta kamar ana sara. Ba ta son haske, ko na ƙofa. Abin da ke fita daga idon ya daina zama ruwa, ya koma ruwa-ruwan ƙwai mai ɗan kore, yana manne fatar ido. Ɗaya idon kuwa lafiyarsa ƙalau, bai bi sahu ba kamar yadda na yi alkawari. Maryama ta ce akwai wani dattijo a Tondibia, bakin kogi, wanda ido ne kawai aikinsa. Ni da na ga gidajen likitan Dakar da Jidda, na ɗauki mayafina na bi. Abin da na gaya wa kaina shi ne, ran Lahadi ce, ba sai an nemi izinin shef ba.

Dattijon ya karɓe mu da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya daka wani ganye, ya jiƙa da ruwan da aka ɗebo daga ɗan tafkin da kogi ya bari, inda shanu da mutane ke sha tare. Ya matsa mata a ido. Lami ba mai kuka ba ce, tun tana yarinya. Ranar ta yi ƙarar da awakin gidan suka watse.

A motar dawowa muna matse a baya, sai ta zare ƙyallen da aka ɗaure mata, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. Ta ce, "Inna, don Allah ki duba mini."

Na duba. Shi ne karon farko da na kalli cikin idon 'yata tun tana goye. A tsakiyar baƙin akwai wani farin tabo kamar ƙwayar farar dawa, gefensa ya yi hazo. Na san shi. Na sha ganinsa a idon tsofaffin da ake ja da sanda a tashoshin mota daga nan har Dakar. Ban taɓa ganinsa a idon mai afolo ba.

"Me kika gani?"

Na ce, "Gobe ba za ki biro ba. In za su kora, su kora."

Babban gidan likita a shekarar nan ba wurin da zan so maƙiyina ya je ba ne. Mun isa bayan sallar asuba muka tarar an gama raba lamba. Mutane kwance a barandu, a gindin itace, mata da yara masu ƙyanda, idanu duk a liƙe. Lokotoron ido ɗaya ne, kwana biyu yake zama a mako. Ranar farko muka koma gida. Rana ta biyu muka samu lamba, muka zauna har azahar, sai aka fito aka ce an tura shi sansanin 'yan gudun yunwa, umarni ne daga sama. Rana ta uku na tare wata majo mai suna Madam Fati, babbar ma'aikaciyar sashen, na gaishe ta da Zabarmanci, na ce, "Fofo, 'yar uwa, ɗago ƙyallen nan kawai ki gani." Ta ɗaga. Sai ta kama hannun Lami ta bi da mu ta ƙofar baya. Allah Ya saka mata. Amma zan faɗi gaskiya: a gabanmu a layi akwai wata Buzuwa da ɗiyarta a cinya, kwananta huɗu a wurin, ba ta jin Hausa ba ta jin Zabarmanci. Mun wuce ta don ni na iya gaisuwa da harshen da ya dace. Ban san yadda ta ƙare ba.

Lokotoron matashi ne, a gajiye, rigarsa duk ta yamutse. Ya sa haɓar Lami a kan wani ƙarfe, ya haska fitila, ya daɗe yana kallo.

"Kwana nawa?"

"Goma sha huɗu," in ji Lami.

Ya juya wajen Madam Fati ya yi magana da Faransanci, ƙasa-ƙasa, yana ganin tsohuwa da mayafi ba za ta ji ba. Ya ce an makara. Ya ce kullum haka suke, sai sun gama zuba shara a ido sannan su kawo masa. Lami ta yi lakwal, ta ji, amma ciwo ya hana ta ɗago kai. Ni ce na amsa masa da Faransancin, na ce, "Lokotoro, kwana uku muna bakin ƙofarka." Ya dube ni, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Sauran sha ɗayan fa, Hajiya?" Ya ce in kawo masa duk abin da ya taɓa idon.

Washegari na kawo ɗan baƙin akwatin. Bai taɓa shi da hannu ba, da bakin alƙalami ya buɗe.

"Shekararsa nawa?"

"Ya haura goma sha biyar."

"Da me ake jiƙa shi?"

Na faɗa masa.

"Mutum nawa?"

Na ce ban ƙirga ba. Sai na ji bakina yana kare kansa, na ce, "Amma na shinshina kafin in ba ta. Ba ya wari."

Ya rufe akwatin ya turo mini. Da Hausa ya faɗa, a hankali, yadda ake yi wa yaro: "Hajiya, mikirob ba ya wari." Ƙwayar cuta yake nufi. Ya ce buroshin ya yage fatar baƙin ido, abin da ya shekara yana kwance cikin dunƙulen ya samu ƙofa. Kwallin Makka da nono da ganyen Tondibia kuma kowanne ya shigo da nasa baƙin. Da an zo a kwana na biyu, in ji shi, da ɗigo kaɗan ya isa.

Aka kwantar da ita. Gado ɗaya mutum biyu, ni ina ƙasa a kan tabarma. Magani ɗigo ne, kowace awa, ba fashi, kuma ma'aikata ba su isa ba, don haka Madam Fati ta koya mini: in wanke hannu da sabulu, in riƙe goshinta da hagu, in ja fatar ido ƙasa da yatsa, in ɗiga da dama, bakin kwalbar kada ya taɓa komai. Na ɗaura agogon Alhaji a hannu. Shekara ashirin da shida ban riƙe fuskar yarinyar nan ba, sai ga shi ina riƙe ta sau ashirin da huɗu a yini. Na gano tana da ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa, na tambaye ta, ta ce faɗuwa ta yi daga kan katanga a Damagaram tana shekara bakwai. Ban taɓa sani ba.

A kwana na biyar maganin gidan likita ya ƙare. Aka rubuto mini ordonas, wato takardar sayen magani. Na taka Yamai da ƙafa, farmasi bayan farmasi, amsa ɗaya: babu, ana jiran kaya. A Lome ko Abijan da na shiga kanti ɗaya na fito da shi. Da iyaka a buɗe take da na aika Sakkwato an kawo a kwana biyu. Na sayar da awarwaron da na sayo a Jidda, na damƙa kuɗin a hannun wani tsohon direban kamiyon Alhaji, babbar motar kaya, da ke zuwa Kwatano, Malam Idi. Ya kawo a kwana na shida, ya ƙi karɓar ko na goro. Cikin kwanaki shidan nan ana ɗiga mata wani abin da lokotoro da kansa ya ce ba shi ne ya dace ba, ina kallon farin tabon yana faɗi kamar mai a kan ruwa.

Maryama ba ta fasa zuwa ba ko rana ɗaya, da kwanon dambu da zogala, a shekarar da kowa ke ɓoye tukunyarsa. Tana ajiyewa tana kuka tana cewa ita ta kai mu Tondibia. Na ce mata ita ta nuna hanya, ƙafafuna ne suka taka.

Gwaggo Zinaru kuwa da nata bayanin ta zo. Ta zauna bakin gado ta rage murya. "Ni dai ban yarda ba. Kwallin da duk matan Kalley suka sa, ni kaina na sa, me ya same mu? Wannan aikin hannu ne. A biron nan akwai mai son kujerarki, Lami. Sammu ne, ku yarda in je wurin malam."

Wallahi na so in yarda. Da sammu ne da na samu barci. Har na buɗe baki zan ce a gwada, sai Lami ta yi magana, fuskarta na kallon bango.

"Gwaggo, babu wanda ya ba ni kwalli a biro."

Matar da suke gado ɗaya ta daina tauna. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce rana ta yi, za ta je ta ɗora tukunya.

A mako na biyar zafin ya kwanta, ruwan ya tsaya. Lokotoro ya sake haska fitilarsa, ya rufe mata idon dama da tafin hannu, ya ɗaga yatsu a gabanta. Ta ce tana ganin haske, kamar ta bayan farin ƙyalle. Ya ce ƙwayar idon ta tsira, ba za a cire ba, mu gode wa Allah. Ganin kuwa ya tafi, hakiya ta rufe. Mun gode wa Allah. Na gode wa lokotoron ma, duk da maganarsa ta ranar farko, don na ga yadda yake duba mutum ɗari shi kaɗai ba ya ko shan ruwa.

Ya ce a Turai ana iya sauya fatar da ta lalace. Na ce na san Marsai, na san inda zan sauka. Ya rubuta takardar neman a fitar da ita waje. Takardar ta shiga biro, irin biron da Lami ta yi shekaru tana buga wa wasu takardunsu. Na bi ta daga tebur zuwa tebur wata takwas. Kowa ya ce tana gaba, ana jiran sa hannu, ƙasa tana cikin yunwa, a yi haƙuri. Na ga matar wani babba an fitar da ita saboda ciwon gwiwa. Takardar daktilo ba ta fito ba.

Aikin bai kuɓuce mata ba, tunda yanzu akwai takardar lokotoro mai hatimi uku. Amma layin rubutu ya riƙa gudu mata, tana tsallake baƙaƙe, sai aka ɗauke ta daga keken aka sa ta amsa tarho. Ita da a da take bugawa ba ta ko kallon yatsunta.

Ranar da muka kwashe kaya zuwa Koira Kano, kafin a ɗora akwatin ƙarfen a amalanke, na ɗauke shi na nufi bayan gida. Gwaggo tana tsaye. Na juye komai a masai: ɗan baƙin akwatin, gazal, hodar da hancina ya wanke, har da tsinken kwallina na shekaru. Gwaggo ta ce, "Har tsinken? Shi me ya yi?" Na ce lokotoro ya ce daga ido zuwa ido yake yawo. Sai ta yi ƙasa da kai ta ce wai jan bakin nan da na zuba a kwando ranar farko, ta tsince su ta raba wa 'ya'yanta, don ba ta iya ganin asara. Na bar amalanke a tsaye, na tafi gidanta da ƙafa, na bi ɗaki-ɗaki na karɓo su. Wata uku ba ta yi mini magana ba.

Da yammar ranar, a sabon gida, muna zaune cikin ƙullin kaya ba mu kwance ba, Lami ta ce, "Inna."

Na ce, "Na'am." Na juyo na kalle ta, don na riga na koya.

"Ban ji haushin kwallin ba. Na san kyauta ce, na san abin da kike nufi da ita. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar farko. Na tsaya a bakin ƙofa na ce miki idona. Kin gaya mini labarin Kumasi."

Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba har yau.

A Marsai na ga mata suna sayen kayan kwalliya ɗan ƙanƙane, su yi wata biyu su jefar, na yi musu dariya na ce ba su san zafin nema ba. Yanzu ga abin da na sani, kuma ba a tafiya na koyo shi ba. Abin da za a kai kusa da ido, in ya daɗe a buɗe, a zubar, ko yana ƙamshin turare. Ba a jiƙa shi da yawu. Ba a ara, ko ga 'yar uwa ta ciki ɗaya. Ido ɗaya in ya yi ja bayan wani abu ya soke shi, a bar kowane aiki a tafi ranar, kada a zuba masa komai a hanya, ko daga Makka ya fito. Kuma in ɗanki ya ce miki duba, ki tashi ki duba, ko na fari ne.

Sojoji sun tafi sun dawo, kogi ya cika, Koira Kano ta zama gari. Lami ta haifi huɗu, ta yi ritaya, tana da gidanta. Idonta na hagu fari ne, ba ya gani, kuma ba ta ƙara sa kwalli ba ko a bikin 'yarta. A gidana babu abin shafa da ke ganin damina biyu. In aka kawo mini takardar magani a unguwa, ina karantawa in fassara, amma na daina faɗin sunan ciwo. Duk ranar Juma'a ina zuwa wurinta, ta tarbe ni da fura, ta tambayi ƙafata, ta shimfiɗa mini tabarma. Kullum a gefen hagunta take shimfiɗawa. Ko da gangan ne, ko hannu ne ya saba, ban tambaya ba. A nan nake zama.